Filin Malamin Makaranta: Kurakuran Masu Koyon Zane

 A watan nan za mu yi magana a kan zane, wato zana surar abu da fensir a takarda, da kurakuran da suke tare wa masu koyo hanya.

Kusan kowane yaro ɗan shekara biyar yana son zane. Ba ya jiran a ba shi takarda. Tsinke da ƙasar tsakar gida sun ishe shi, ko gawayi da bangon ɗakin uwarsa. Amma mu malamai mun lura, sa'ad da yara suka kai wajen shekara tara ko goma, da yawansu sukan ajiye fensir su ce, "Ni ban iya ba." Dalili kuwa, idonsu ne ya fara buɗewa. Yaro ya zana akuya, ya duba ya ga ta fi kama da tebur mai ƙaho, yayyensa suka yi dariya, shi ke nan ya bari har abada. Wannan hasara ce babba. Tela yana bukatar zane, haka kafinta, da magini, da mai walda. Ɗalibin sakandare ma zai tarar da shi a jarrabawar WAEC, inda akan ajiye masa ganye ko ƙashi ko fara, a ce ya zana.

Akwai kuskure ɗaya wanda shi ne uban sauran. Mai koyo yakan zana abin da ya sani a kansa, ya bar abin da yake gaban idonsa. A shekarar 1972 wasu masana biyu a Ingila, Freeman da Janikoun, suka ajiye wa yara kofi, suka juya mariƙinsa baya inda ba a ganinsa, suka ce su zana abin da suke gani. Galibin yaran da ba su kai shekara takwas ba suka zana kofin da mariƙi a gefe. Sun san kofi yana da mariƙi, don haka suka sa masa. Ku gwada wannan a gida da moɗa, za ku sha mamaki. Ga ƙaramin yaro wannan ba laifi ba ne, haka tunaninsa yake a shekarunsa, kada a tsawata masa. Abin damuwa shi ne ɗan shekara goma sha biyar, har da babba, yana nan a wannan matsayi.

Ku dubi bakin randa ko na ƙwarya. Kowa ya san zagayayye ne kamar faifai. Amma idan kana zaune a gefe, abin da idonka yake gani siffa ce mai tsawo kamar ƙwayar agushi, kuma gwargwadon yadda ka sunkuya, gwargwadon yadda take ƙara tsukewa. Mai koyo sai ya zana bakin a buɗe sosai kamar yana leƙowa daga sama, ya kuma ja gindin da miƙaƙƙen layi, domin ya san tebur a shimfiɗe yake. Randa ɗaya ke nan an dube ta daga wuri biyu. Haka kuma ƙafar akuya ta baya. Yara sukan ce gwiwarta ta juya baya. Wannan gaɓa da ake gani dunduniyarta ce. Gwiwar tana can sama kusa da ciki, gama akuya a kan yatsunta take tafiya. Wanda ya gane wannan sau ɗaya, akuyarsa ba za ta ƙara zama tebur ba.

Kada yara su ji kunya, gama manyan gwanaye ma sun faɗa wannan rami. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki a cikin sukuwa da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, duka a sama. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa a Kalifoniya ta Amurka. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da kofato huɗu suke barin ƙasa, amma a lokacin nan ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Wani ya zana, wani ya kwaikwaya, kuskure ya yi ta gado.

To, mene ne magani? A ƙara kallo, a rage zane. Mu kan tsaya a bayan aji mu dubi kawunan yara. Mai koyo yakan ɗaga kai sau ɗaya, ya dubi abin, sa'an nan ya duƙufa a kan takarda minti goma. Wanda ya iya kuwa, kansa ba ya zama wuri ɗaya, ya dubi abin, ya ja layi, ya sake duba. Akwai wata dabara da wata malama Ba'amurkiya, Betty Edwards, ta yaɗa a littafinta na 1979. A ɗauki hoto a juya shi, kai a ƙasa, a kwafe shi haka nan. Da yake ido bai saba ganin mutum a kife ba, sai zuciya ta daina cewa "ga hanci, ga baki," hannu ya bi layi kawai. Bayanin da ta yi a kan ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, masana na yanzu sun ce abin bai kai haka sauƙi ba, amma dabarar tana aiki a aji. Wata kuma, a ajiye kujera, a ce yaro kada ya zana katakon, ya zana sararin da yake tsakanin ƙafafunta. Sarari ba shi da suna, don haka dole ya duba.

Fuskar mutum ita ce ta fi ba masu koyo wuya, ita ce kuma suka fi so su fara da ita. Kusan dukansu sukan kai idanu can sama kusa da gashi. Ku ɗauki zare ku auna daga tsakar kan mahaifinku zuwa idonsa, in ya yarda, sa'an nan daga ido zuwa haɓa. Za ku ga kusan daidai suke. Idanu a tsakiyar kai suke. Muna mance goshi da ƙoƙon kai ne domin ba su muke kallo ba sa'ad da muke magana da mutum. Tsawon babban mutum ya kai misalin kansa bakwai da rabi, na jariri ɗan shekara ɗaya kuwa wajen huɗu. Shi ya sa idan aka yi wa dattijo ƙaton kai sai ya koma yaro. Hannu idan an sake shi, yatsu sukan kai tsakiyar cinya. Tafin hannu da yatsu sun kusa rufe fuska daga haɓa zuwa goshi, amma masu koyo sukan yi shi ɗan mitsitsi, ko su ɓoye shi a aljihu don gudun wahala. Mun san wannan wayo.

Ba sai da zare ake awo ba. Miƙa hannunka sosai da fensir, rufe ido ɗaya, ka sa bakin fensirin a kan saman abin, ka sa babban yatsa inda ya ƙare. Da wannan za ka san faɗin tulu sau nawa zai shiga tsawonsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, in ba haka ba awon ya ɓaci.

Wani abin da yake ɓata aiki shi ne gaggawar ado. Yarinya ta fara da ido ɗaya, ta yi masa gira da gashin ido da kwalli, ta ɓata rabin sa'a. Da ta gama sai ta ga ba wurin ɗaya idon, ƙafafu kuma sun fita daga takarda. Magini ba ya shafa fenti kafin ya kafa tushe. A fara da manyan siffofi, a ja su da hannu sake, layi mara nauyi wanda da ƙyar ake gani. Idan sun zauna daidai, sa'an nan a shiga ƙanana. A nan ne danna fensir yake kawo cikas. Yaro ya saba riƙon rubutu, yana dannawa har layin ya fito a shafi na uku. Ya yi kuskure, ya ɗauki kilina, ya goge har takarda ta huje. Mu a aji mu kan karɓe kilina a minti goma na farko. Layin da ya kauce a bar shi, shi ne zai nuna inda na daidai zai bi.

Ga abin da haruffan jikin fensir suke nufi. Bakin fensir haɗi ne na wani baƙin dutse mai laushi da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da ita a 1795. Idan yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri, shi ne mai H. Idan ya yi kaɗan, ya yi laushi da baƙi, shi ne mai B. HB na tsakiya ne. Mai koyo ya sami HB da 2B, sun ishe shi. Da su zai iya yin inuwa, wadda yawancin yara suke tsoro. A ajiye ƙwai kusa da taga da safe, a ƙanƙance ido a duba, za a ga gefe ɗaya da haske, ɗaya da duhu, ga kuma inuwa kwance a tebur. Idan babu wannan inuwa, ƙwan yana lilo ne a iska.

Yaran yanzu sun fi son kwafe hotunan katun daga waya. Ba mu hana ba. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ne ta kwafe hotunan littattafai da mujallu. Amma bai tsaya nan ba. Ya koma zana mutane masu rai, ya tafi Landan da Faris karatu a 1920, ya dawo ya yi ta fama har zane ya sami wuri a makarantun Legas. Hoto abu ne da wani ya riga ya shimfiɗa maka. Kazar da take tsakar gidanku kuwa, kai ne za ka shimfiɗa ta da kanka, kuma ba za ta tsaya ta jira ka ba.

Yanzu gare ku, iyaye. Kalmar nan "ba shi da baiwa" ta kashe hannun yara da yawa. Vincent van Gogh na ƙasar Holan ya yi aikin bishara a cikin masu haƙar kwal a Beljiyam, sai a 1880, yana da shekara 27, ya ɗauki zane da gaske. Ya yi ta maimaita darussan masu koyo kamar ɗan aji ɗaya. Shekara goma kawai ya yi yana aikin kafin ya rasu a 1890, ya bar zane na fensir da tawada fiye da 1,000. Idan yaro ya kawo muku zanensa, kada ku yi dariya, kada kuma ku karɓi fensir ku gyara masa. Yabon da ba gaskiya ba ne ma, yaro yana gane shi. Ku ce, "Zo mu je mu dubi akuyar tare." In bahago ne, ku bar shi ya zana da hagunsa. Leonardo da Vinci ma bahago ne. Takarda tana da tsada, mun sani, shi ya sa yara suke matse zanensu a kusurwa kamar tururuwa. Ku ba su bayan tsohuwar kalanda, da kwali, da gawayin murhu, su cika wurin.

Ga aikin wannan wata. Kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya a gida, ko buta, ko takalmin babansa, ko turmi. Ya zana shi minti goma sha biyar kowace rana har kwana bakwai, kullum daga wani gefe dabam, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Kada a yaga ko ɗaya, ko da ya yi muni. Kafin ya ajiye, ya ɗaga zanen a gaban madubi, gama madubi yakan tona karkatar da ido ya saba da ita. A rana ta bakwai uwa ta jera su a kan tabarma, dukan gida su duba na farko da na ƙarshe.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan haɗa launi.