Hutun Ɗalibi a Bakin Tafkin Kainji: A Fara Ƙirge Daga Gida

A 'yan shekarun nan jami'o'i da cibiyoyi na ƙasashen waje suna shirya darussa kyauta ta intanet domin ɗaliban sakandare a lokacin dogon hutu. Ɗaya daga cikin fannonin da ake koyarwa shi ne kimiyyar nazarin bayanai, wato dabarun tattara alƙaluma, da tsara su, da tatso ma'ana daga cikinsu da taimakon kwamfuta. Ya dace ɗaliban Yauri da Ngaski da Shanga su shiga irin waɗannan darussa. Sai dai kuma ilimin ba zai zauna musu ba sai sun gwada shi a kan abin da ke ƙofar gidansu.

Tafkin Kainji kansa babban darasi ne. An kammala madatsar ruwan a 1968, aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwa da tsibiransu. A 1971 kifin da aka kama a tafkin ya haura tan dubu 28, amma zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. An san da haka ne saboda akwai waɗanda suka riƙa zuwa bakin ruwa suna aunawa suna rubutawa. Haka nan a shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya riƙa ƙirga masunta da jirage da kayan su a ƙauyukan gaɓar tafkin. Alƙaluman suka nuna cewa tarun dala, wanda ake kamun warangi da shi, yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba. A kan wannan hujja aka hana amfani da shi.

Rashin ƙirge kuwa yana cin rayuka. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutane fiye da kima ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu. Ɗalibin da ya ƙirga masu shiga kowane jirgi a ranakun kasuwa na tsawon makonni shida zai iya kai wa hakimi da shugabannin masu jirage hujjar da ta fi jita-jita ƙarfi.

Wani zai ce ai kyautar ba ta cika kyauta ba, tunda sai da waya, da kuɗin data, da wutar lantarki, wadda ƙauyuka da dama a gefen madatsar ba su samu isasshe. Wannan gaskiya ne. To amma tushen wannan ilimi littafin rubutu ne da fensir. Ɗalibi na iya rubuta farashin buhun albasa a kasuwar Yauri kowane mako, ko ya kafa sanda a bakin kogi ya riƙa auna hawan ruwa kullum. Zai ga yadda farin ruwa ke zuwa da damina, baƙin ruwa kuma ya iso daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi. Waya ɗaya ta ishi ɗalibai biyar su saurari darasi, su shigar da alƙalumansu, su fitar da matsakaici da zane.

Nauyin yana wuyan malamai, musamman na lissafi da labarin ƙasa. Su ne za su tantance darussan ƙwarai daga na 'yan damfara masu neman kuɗin rajista, su raba ɗalibai rukuni-rukuni, su duba aikinsu bayan hutu. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa da jami'o'in Jihar Kebbi su ma ya kamata su karɓi irin waɗannan alƙaluma, su gyara wa yara kurakuransu.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kafin a tashi hutu mai zuwa, kowace makaranta a masarautar Yauri ta zaɓi abu guda da ɗalibanta za su ƙirga.