SHARHI: Garin ƙanƙara a cikin injin jirgin sama da iyakar lissafin kwamfuta

Cikin daren 24 ga Yuli, 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu zuwa birnin Aljiyas ɗauke da mutum 116. Bai cika awa guda a sama ba ya faɗo kusa da Gossi a ƙasar Mali, ba wanda ya tsira. Rahoton masu bincike ya nuna cewa ƙanƙara ce ta toshe na'urorin auna matsin iska a bakin injinan jirgin, ƙirar MD-83, a daidai lokacin da yake kauce wa hadari. Na'urorin suka riƙa ba da lissafin ƙarya, tsarin da ke sarrafa ƙarfin injin da kansa ya gaza ba da ƙarfin da ake buƙata, gudu ya yi ta raguwa har fikafikai suka kasa riƙe jirgin. Matuƙan ba su kunna na'urar ɗumama bakin injin ba.

Jin ƙanƙara a sararin Sahel tsakiyar damina na iya zo wa mai karatu banbaraƙwai. Amma a nisan ƙafa dubu 30 zuwa sama sanyi ya wuce misali, kuma manyan hadaran ƙasashe masu zafi na cilla ruwa can ƙololuwa, inda yake daskarewa ya koma ɓarɓashi mai laushi kamar gari. Wannan garin ba ya manne wa fiffike, kuma rada ta jirgi, wadda aka ƙera don hango manyan ɗigon ruwa, da ƙyar take ganinsa. Matuƙi na iya ratsa shi yana ganin hanya lafiya lau.

Shekara da shekaru injiniyoyi na ganin cikin injin ya fi ƙarfin ƙanƙara saboda zafinsa. A 2006 ne wani nazari da Jeanne Mason ta kamfanin Boeing ta jagoranta ya tattara aukuwa 46 da injina suka rasa ƙarfi a kusa da irin wannan hadari, ya kuma bayyana yadda abin ke faruwa. Garin na shiga sashen da ke matse iska, wani ɓangarensa ya narke ya jiƙa ƙarfe, na baya ya zo ya manne ya sanyaya wurin, har dunƙule ya taru. Idan ya ɓalle, ko ya lanƙwasa ruwan farfela, ko ya kashe wutar injin ɗungurungum. A Nuwamban 2013 Boeing ya shawarci masu jiragen 787 da 747-8 masu injin GEnx da su nisanci irin waɗannan hadaran da mil 50 na teku, har kamfanin Japan Airlines ya janye 787 daga hanyoyin Delhi da Singafo. General Electric ya magance matsalar ne da gyaran manhajar injin, wadda ke buɗe wasu ƙofofi ta fitar da ƙanƙarar kafin ta kai ciki.

A nan kwaikwayon kwamfuta ya shigo. Ba mai hankalin da zai yi ta kutsa jirgi cikin hadari don gwada kowane sabon injin, kuma wuraren gwaji a ƙasa kaɗan ne, ga tsada. Cibiyar Glenn ta hukumar NASA da ke Cleveland ta yi nasarar sa wani injin Honeywell ya rasa ƙarfi da garin ƙanƙara a ɗakin gwajinta a 2013, tana kuma gina manhajar GlennICE. Turai ta zuba kuɗi a shirin HAIC, sannan MUSIC-haic wanda cibiyar ONERA ta Faransa ta jagoranta daga 2018. Dokar da hukumar FAA ta Amurka ta fitar a 2014 ta wajabta wa masu ƙera injin su nuna cewa zai jure wannan yanayi.

Aikin da ake ɗora wa kwamfutar ba ƙarami ba ne. Sai ta bi sawun ƙwayoyin ƙanƙara masu ɗimbin yawa, ta lissafa yadda suke farfashewa idan sun daki ƙarfe, da yawan abin da ya narke, da yadda na baya ke kankare wanda ya riga ya manne. Matsakaicin narkewa ne ya fi haɗari: busasshen gari ba ya kama bango, tsararon kunu zuba yake yi, ƙullu ne ke mannewa. Kuskure kaɗan a lissafin zafi ko laima na iya sa manhaja ta ce lafiya a inda babu lafiya. Yawancin ƙa'idojin da ke cikinta kuwa an ɗauko su ne daga gwajin ɗaki da kuma awon da jiragen bincike suka yi a hadaran Darwin ta Ostireliya a 2014 da Cayenne ta Kudancin Amurka a 2015. Manhaja ba ta san abin da ba a ciyar da ita ba.

Najeriya ba ta ƙera injin jirgi. Hukumar NCAA na dogara ne da takardun amincewa da ƙasashen da suka ƙera suka bayar, wato ta hanyarsu sakamakon wancan lissafin ke iso wa fasinjan Abuja zuwa Legas ko mahajjacin da ya nufi Jidda. Sai dai dokar 2014 sababbin ƙira ta fi shafa, alhali jirage da dama a wannan yanki an ƙera su tun kafin ta. A kansu, abin da ke hannun hukumomi shi ne bin diddigin umarnin gyara da masu ƙira ke fitarwa, da hasashen NiMet kan inda manyan hadarai ke tasowa, da horar da matuƙa kan alamomin da aka sani: ɗigon ruwa a gilashin gaba a nisan da ruwa bai kamata ya kasance ba, da ma'aunin zafin waje da ke tsalle ya koma kusan sifiri.

Jirgin Mali ya faɗi ne shekara biyar bayan na Air France 447, wanda irin wannan ƙanƙara ta toshe masa na'urorin auna gudu a kan Tekun Atlantika a 2009, mutum 228 suka rasu. Zuwa 2014 masana sun riga sun rubuta yadda matsalar take, amma a daren Gossi ba a taɓa maɓallin ɗumama injin ba.