Bidiyon shafinka: bar wa YouTube dakon kayan

Mai shafin intanet da ke son saka bidiyo yana da hanya biyu: ya ajiye fayil ɗin a sabar da yake haya, ko ya ɗora a YouTube ya liƙa tagarsa a shafinsa. Ga ƙaramar jarida ko makaranta, ta biyun ta fi. YouTube kan sarrafa kowane bidiyo zuwa matakai, tun daga 144p, ya miƙa wa mai kallo daidai ƙarfin sabis ɗinsa. Na ƙauye zai ga hoto dishi-dishi, amma zai gani, datarsa kuma ba za ta ƙone nan take ba. Saba mai araha kuwa fayil ɗaya take tura wa kowa, jama'a na yin yawa sai ta durƙushe.

Masu suka na cewa gidan aro ne: ana cusa talla, ana sauke bidiyo, gwamnati ma na iya toshewa, kamar yadda Pakistan ta yi daga 2012 zuwa 2016. Haka ne. Sai dai maganinsa adana ainihin fayil ɗin a hannunka, in an rufe nan ka koma wani dandalin bidiyo irin Vimeo. Mai sayar da darussan bidiyo ya biya wa kansa saba. Sauranmu mu liƙa.