Ƙarancin Jinin Masu Juna Biyu: Aikin Mai Gida Ne

A ƙasar Zango, da ma sauran ƙasar Daura, in mace mai juna biyu ta fara jiri, tana haki in ta ɗauko tulu, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, sai a ce laulayi ne, zai wuce. Sau da yawa ba laulayi ba ne, jininta ne ya yi ƙaranci.

Ga yadda abin yake. Lokacin da mace ke da ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, don tana ciyar da rai biyu. Jini kuwa ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. In abincin ya gaza, ga zazzaɓin cizon sauro na damina yana farfasa ƙwayoyin jinin, ga tsutsar ciki, ga haihuwa kusa da kusa, to, sai ta iso ranar naƙuda da ɗan abin da ya rage. Zubar jinin da mai lafiya za ta jure, ita sai ya kai ta kushewa. Jaririn ma yakan zo bakwaini, ko ƙanƙane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 37 cikin 100 na masu ciki a duniya suna da wannan ciwo. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami kashi 61. Watau cikin mata biyar, uku.

Abin baƙin ciki, maganin ba tsada gare shi ba. Ƙwayar ƙarin jini ce ɗaya kowace rana, da Fansidar da ake sha a wurin awo bayan wata uku na fari, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, sa'an nan gidan sauro. Amma wace ce za ta je awo in mai gida bai ba ta izini da kuɗin mota ba? Ga kuma kunyar cikin fari, wadda ke sa yarinya ta ɓoye har wata shida ko bakwai. Kunya ado ce, ban musa ba, amma likita ba suruki ba ne. Waɗansu kuma sukan bar shan ƙwayar don ta baƙanta musu bayan gida, ko don tsoron wai ɗa zai yi girma ya ƙi fita. Baƙin nan ba illa ba ne, tsoron kuwa ba shi da tushe.

'Yan'uwana malamai da ma'aikatan ofis, mu ne masu albashi, mu ake kallo. Kunya ce a ga mutum ya tsaya wurin mai tsire da magariba, alhali uwargida tana gida da tuwo da miyar kuka tsura. Wake muke nomawa mu kai kasuwar Mai'aduwa, zogale yana bayan ɗaki, ƙwan zabi yana tafiya birni. A rage na tukunya tukuna. Shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci, gama yana hana ƙarfen shiga jiki.

Ina roƙon kowane hedimasta ya sa wannan cikin darasin kiwon lafiya, ga 'yan mata da samari duka, tun da samarin nan su ne masu gidan gobe. Hakimai da dagatai kuma su nemi limamai su taɓo zancen awo a huɗubar Juma'a kafin damina ta faɗi.