Daga Ƙamshi Zuwa Ɗoyi: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi

Akwai wata kalma a harshen Ingilishi wadda duk yaron da ya zauna makarantar boko ya san ta, amma malaminsa bai cika son jin ta a bakinsa ba, domin Turawa sun ajiye ta a sahun maganganun da ba a furtawa gaban manya ko lokacin cin abinci, wato "stink", wadda in aka nemi ma'anarta a yau ba za a wuce a ce ɗoyi ba, ko mugun wari irin na mushe. Tana da 'yar'uwa mai suna "stench", tushensu ɗaya, illa iyaka ta farko asalinta fi'ili ce, ta biyu kuwa suna. Abin da ya sa na ga ya dace a tsaya a kansu shi ne, shekara dubu da ta shige, mutumin Ingila yana iya duban fure mafi daɗin ƙamshi a gonarsa ya siffanta shi da waɗannan kalmomi ba tare da wani ya ɗaga kai ya dube shi ba, kuma hanyar da suka bi har suka faɗo inda suke yanzu tana rushe wani ra'ayi da masu ilimi da dama suka riƙa, cewa wai asalin kalma shi ne ma'anarta ta gaskiya.

A tsohon Ingilishi, wanda ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Danmak suka shigo da shi Ingila tun wajen ƙarni na 5, ana faɗin fi'ilin "stincan", sunan kuma "stenc", ma'anarsu kuwa ba ta wuce fitar da abin da hanci ke ji ba, mai daɗi ne ko maras daɗi. In mai magana yana nufin ƙamshi sai ya haɗa da wata kalma mai nuna zaƙi, in wari yake nufi ya haɗa da mai nuna muni, kamar dai yadda Balarabe ke cewa ra'iha, sa'an nan ya bi ta da sifar da za ta bayyana ɗayyiba ce ko kariha. Hujjar wannan tana nan a rubuce. A babban cocin garin Exeter akwai wani kundin waƙoƙi na fata da aka rubuta da hannu a ƙarni na 10, a cikinsa akwai waƙar wata dabba dangin damisa, wadda aka ce takan yi barcin kwana uku, in ta farka wani ƙamshi ya fito daga bakinta wanda ya fi na furanni da kayan yaji, har mutane da namun daji su yi ta tururuwa suna bin sa. Mawaƙin Kirista ne, da dabbar yake buga misalin Almasihu bisa aƙidarsu, kuma kalmar da ya zaɓa domin wannan ƙamshi mai tsarki a wurinsa ita ce "stenc". Ba za a ce mutum ya ɗauko kalmar juji ya ɗora wa abin da yake girmamawa fiye da kome ba.

To, amma kafin tsakiyar ƙarni na 13 mummunar ma'anar ta rinjaya, kyakkyawar ta ɓace, har wa yau kuwa ba ta komo ba. Bayanin da aka fi ji game da wannan shi ne na yaƙin 1066, sa'ad da Wiliyam, sarkin yankin Nomandi na Faransa, ya ƙetare teku, ya karya rundunar Sarki Harold a kusa da Hastings, ya raba ƙasar Ingila ga barorinsa. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da manyan gidaje har kusan shekara ɗari uku, domin sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin muhawara a kotu da Ingilishi. Masu wannan bayani sukan kawo misalin nama, su ce dabba tana da rai a hannun talakan da ke kiwonta da sunan Ingilishi ake kiranta, amma da zarar an yanka ta an kai ta gaban mai gida sai ta koma da sunan Faransanci. Haka nan, in ji su, aka yi rabon hanci, sarakuna suka zo da "odour" da "scent" da "perfume" suka kame ƙamshi, aka bar wa talaka kalmarsa ta gado ta riƙe masa wari. Bayani ne mai shiga zuciya, musamman ga mutanen da suka ɗanɗana mulkin baƙi suka ga yadda harshen mai mulki ke ɗaukaka, na wanda aka mulka ke ƙasƙanta.

Duk da haka ni ban gamsu da shi ba, dalilina na farko kuwa lissafin zamani ne. Malaman manɗiƙi sun koya mana cewa abin da aka haifar ba ya riga abin da ya haife shi. "Stench" ta riga ta karkata ga wari tun wajen shekara ta 1200, alhali "odour" ba ta zauna a rubutun Ingilishi ba sai wajen 1300, "scent" sai ƙarshen ƙarni na 14, tana kuma zuwa ne a matsayin kalmar mafarauta, wato sawun warin nama da kare ke bi, ita kuwa "perfume" ba ta iso ba sai ƙarni na 16. Yaya za a ce baƙin da ba su riga sun sauka ba su ne suka kori mai gida daga ɗakinsa? Hasali ma kalmar da ta gaji tsohon matsayin "stink" na tsaka-tsaki, wato "smell", wadda ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 12, ba ta Faransanci ba ce ko kaɗan. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Jamusawa da mutanen Holan suna da wannan fi'ili, "stinken", daga tushe ɗaya. A tsohon Jamusanci shi ma yana ɗaukar ƙamshi da wari, a yau kuwa wari kaɗai yake nufi, alhali Wiliyam bai taɓa cin ƙasarsu ba. Cutar da ta kama gidaje uku, ɗaya kawai daga cikinsu aka yi wa baƙi, ba za a ɗora wa baƙin alhakinta ba.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne, illar tana cikin ɗabi'ar ɗan Adam ne da kuma kunyarsa. Mutum yakan wuni cikin ƙamshin abinci da na ƙasa bayan ruwan sama bai ce uffan ba, amma da hancinsa ya ci karo da abin ƙi sai ya yi magana. Ke nan kalmar tsaka-tsaki ta fi yawan fita daga baki a wurin wari. Sa'an nan ladabi ya shigo ya ƙarasa aikin, domin wanda ke son ya gaya wa ɗan'uwansa cewa rigarsa tana da mugun wari, ba kuma ya son ya kunyata shi, sai ya yar da kalmar munin ya bar ta tsaka-tsakin ita kaɗai, ya yatsina fuska, mai sauraro kuwa ya cike gurbin da kansa. Wannan shi ne abin da malaman nahawu ke kira hazfi, a share sifa a bar abin siffantawa. In aka yi ta yin haka shekara ɗari biyu, sai sifar da aka share ta narke cikin kalmar da aka bari, yaran da suka taso su ji ta da warinta a jiki, ba su san an taɓa raba su ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce, abin bai tsaya ba. "Smell" da ta zo maye gurbi ita ma ta kama hanya: Bature a yau yana iya cewa fure yana "smell" da daɗi, amma in ya ce mutum yana "smell" ya yi shiru bai ƙara kome ba, to ya zage shi, sifar da aka ciro daga gare ta kuma, "smelly", ba ta da wata ma'ana sai mai wari. Ita ma "odour", ɗiyar Latin da Faransanci, wadda a dā limaman coci ke siffanta ƙamshin gawar waliyyansu da ita, ta gangaro har ta zama kalmar masu tallar sabulu da maganin hammata, waɗanda tun farkon ƙarni na 20 suka yi ta tsorata mutanen Amurka da warin jiki domin su sayar da hajarsu. Da martabar iyaye tana kare kalma, da wannan ba ta faɗi ba.

Ba na musun cewa dukiya da matsayi suna da nasu rabo, kuma wasu kalmomi biyu suna nuna shi a fili. "Reek" a tsohon Ingilishi hayaƙi take nufi, shi ya sa mutanen Sikotilan suke yi wa birninsu Edinburgh laƙabi da "Auld Reekie", tsohuwa mai hayaƙi, saboda hayaƙin kwal da a dā yake tashi daga gidajensa, sunan Reykjavik kuma, babban birnin Aisilan, daga wannan tushe yake, saboda tururin maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke wurin. Ita ma "perfume" daga hayaƙi ta fito, domin lafazin Latin da ke ƙarƙashinta ma'anarsa ta hanyar hayaƙi, farkon shigarta Ingilishi kuwa abin da ake ƙonawa a turara ɗaki take nufi, musamman lokacin annoba, daidai da turaren wutarmu, kafin ta koma ruwan kwalba. Hayaƙi biyu ke nan, ɗaya na murhun da kowa ke da shi, ɗaya na lubban da itatuwan da ake saye da tsada daga gabas. Na farko ya ƙare a wari, na biyu a ƙamshi. Sai dai a lura, 'yar'uwar "reek" a Jamusanci, "riechen", ita ce har yanzu fi'ilinsu na tsaka-tsaki na jin ƙamshi ko wari, abin da ke nuna cewa tushe bai hukunta wa kalma makoma ba.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa "stink" nauyi bayan ta riga ta faɗi, shi ne imanin likitocin Turai na dā cewa wari shi kansa cuta ne, gurɓatacciyar iska ce ke kawo annoba. Sunan maleriya ma daga Italiyanci yake, ma'anarsa mummunar iska. A bazarar 1858 zafi ya tsananta a Landan, kogin Tamis kuwa, wanda ƙazantar mutum sama da miliyan biyu ke kwarara cikinsa, ya ja baya ya bar taɓo yana ruɓewa a rana, har 'yan majalisar dokoki, da yake ginin majalisar a bakin kogin yake, suka sa aka jiƙa labulen tagogi da ruwan magani, duk da haka zama ya gagara. Kwalara ta riga ta kashe sama da mutum 10,000 a birnin tsakanin 1853 da 1854 majalisa tana jan ƙafa, likita John Snow kuma ya nuna tun a lokacin cewa ruwan sha ne ke yaɗa ta, ba a saurare shi ba. Amma da wari ya shiga hancin manya, cikin kwana goma sha takwas aka zartar da doka, aka ba injiniya Joseph Bazalgette dama ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da suka janye ƙazantar zuwa gabashin birni. Da kuskuren fahimta aka yi aikin, amma ya yi magani, tun da ya raba najasa da ruwan sha. Tarihinsu ya riƙe wannan bazara da sunan "Great Stink", babban ɗoyi. Ita kuwa kalmar ta daɗe da ƙetarawa daga hanci zuwa hali ta hanyar majazi, har ana faɗinta ga shari'ar da aka ci hanci a cikinta, da rigimar da ta tashi bayan asiri ya tonu.

Saboda haka idan na ji mai ilimi ya tsaya yana gyara wa jama'a magana da hujjar cewa asalin kalma kaza a Latin ko a Larabci ba haka take nufi ba, nakan ga ya ɗauki ilimin ishtiƙaƙi, wanda aikinsa ba da labarin inda kalma ta fito, ya naɗa shi alƙalin inda take yau. Malamanmu na usulul fiƙihi sun warware wannan tun da daɗewa, da suka raba haƙiƙa gida uku, ta lugga da ta urfi da ta shari'a, suka kuma tabbatar cewa in urfi ya kafu shi ake gabatarwa a kan asalin lugga wajen fahimtar maganar mutane. Misalin da suka saba bugawa shi ne dabba, wadda a asalin Larabci ta ƙunshi duk abin da ke tafiya a bayan ƙasa har da mutum, urfi ya taƙaita ta ga mai ƙafa huɗu, a haka kuma ta shigo Hausa, ba wanda zai kira surukinsa da ita ya kare kansa da ƙamus. Ɗaya misalin ya fi kusa da zancenmu, shi ne ga'iɗ, wanda asalinsa kwari ne ko wuri mai gangare. Larabawa sukan nufi irin wannan wuri don biyan bukata, kunya ta sa suka riƙa ambaton wurin maimakon aikin, har sunan wurin ya zama sunan abin da ake bari a can, kamar yadda ya faru da bayan gida a bakinmu. Ɗalibin da ya kai babin abubuwan da ke warware alwala, ya tarar da wannan kalma, ya nace sai ya fassara ta da asalinta, zai tashi da fatawar cewa duk wanda ya gangara kwari ya hauro sai ya sāke alwala.