Wa ke kula da fayil ɗin Hausar Nijar a wayoyinmu?

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. An yi murna daga Yamai har Gidan Rumji, kuma murnar ta dace. Sai dai wayar da ke aljihunka ba ta karanta dokar gwamnati. Abin da take bi wani ɗan fayil ne mai suna ha_NE, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Ƙungiyar Unicode ce ke riƙe da wata ma'ajiya da ake kira CLDR tun 2004. A cikinta kowane harshe na da fayil da ke gaya wa manhaja yadda ake rubuta kwanan wata, adadi, kuɗi, sunayen watanni da jerin haruffa. Apple da Google da Microsoft duk nan suke ɗiba. Ana rubuta fayilolin da wani tsari mai suna LDML, wanda ke da ƙa'idarsa: wane gurbi ne ya halatta, me zai zauna cikin me, wace ƙima za a karɓa. Sau biyu a shekara ake fitar da sabon zubi.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsarin yana aiki ne da gado. Akwai babban fayil na Hausa, wanda aka ɗauka na Najeriya ne, sannan ƙananan fayiloli na Nijar da Gana waɗanda bambanci kawai ake rubutawa a cikinsu. Duk gurbin da aka bari ba a cike ba a fayil ɗin Nijar, manhaja za ta ɗauko amsar daga babban. Wato duk inda ɗan Maraɗi ya yi shiru, Kano ce za ta yi magana a madadinsa.

Wani zai ce to mene ne, ai Hausa ɗaya ce. A baki, kusan haka ne. Mutumin Tibiri da na Jibiya ba sa buƙatar tafinta. A rubuce kuwa an rabu. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, Najeriya kuma ta saba da 'y. Wannan ƙarami ne. Babba shi ne lissafi. Yaron da ya yi lakkol a Gazawa ya koyi cewa waƙafi a tsakiyar adadi yana raba cikakke da ɓangare, don haka 1,500 a idonsa ɗaya da rabi ne. Na Katsina kuma dubu ɗaya da ɗari biyar yake gani. Ka tuna mahaifiyar da ɗanta ke aiko mata kuɗi daga Libiya ko Legas, wadda dama a kasuwa da dala da jikka take ƙirga, ga sefa a allon waya, ga kuma waƙafin da ba a san na wace ƙasa ba ne.

Shi ya sa nake ganin aikin nan bai kamata a bar wa sa'a ba. Kuma ba aikin yini guda ba ne. Duk lokacin da aka faɗaɗa tsarin, sababbin gurabe na fitowa, su ma sai an cike. Ko ƙasar kanta tana sauyawa: kafin 2011 Gazawa na ƙarƙashin Agye, yau gunduma ce mai zaman kanta, kuma duk jerin sunaye da ba a bi shi ba ya tsufa.

Ƙofar a buɗe take. CLDR na karɓar gyara ta intanet, ana jefa ƙuri'a a kan kowace kalma, amma ƙuri'ar wakilin wata hukuma ta fi ta ɗan sa-kai nauyi. Nan ne Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi za ta yi amfani: ta nemi a san da ita a hukumance, ta ware malamin harshe ɗaya da ɗaliban kwamfuta biyu su riƙa bin kowane zubi. Ƴan uwanmu masu rubuta manhaja a Faransa da Kanada su ma ba sai sun jira kowa ba, rajista kawai za su nema kafin a buɗe zagayen gyara na gaba.