Bidiyon Biki Na Cijewa A Kwamfuta? Kada A Yi Saurin Goge Kati

Duk wanda ya taɓa zama a shagon haɗa bidiyo a Birnin Kudu ko Gwaram bayan an tashi daga biki ya san wannan tashin hankali. An ɗauki kamu da walima tsaf, an zare kati daga kyamara an sa a kwamfuta, sai hoto ya fara cijewa. Amarya ta ɗaga ƙafa ta ƙame a iska, muryar maroƙi ta yi gaba, hoto ya biyo baya da ɗingishi. Nan take sai a yanke hukunci cewa kyamara ta lalata aiki.

Wannan hukunci gaggawa ce, domin sau da yawa bidiyon lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta kasa ɗaukar nauyinsa. Gwajin ba ya cin ko sisi: a mayar da katin cikin kyamara, ko a kunna fayil ɗin a waya. Idan ya tafi sumul, an wanke kyamara.

Matsalar ta fi yawa da tsarin matse bidiyo da ake kira HEVC, wanda iPhone ta koma amfani da shi tun 2017, wayoyin Android da sababbin kyamarori ma da yawa suka bi. Yana rage girman fayil, amma warware shi aiki ne mai nauyi. Sai daga zubi na shida na Intel Core, wanda ya fito a 2015, aka gina wa kwamfuta sashen da ke wannan aiki shi kaɗai. Wasu laftof ɗin gwanjo da matasa ke saye a Kano sun girmi wannan zubi, don haka ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke fama da kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma rashin wuta: laftof da ke kan batir yana rage wa kansa gudu don cajin ya daɗe. Wani bidiyon ma jona caja kawai yake jira.

Sai a kwafe fayil daga kati zuwa cikin kwamfuta kafin a kunna, a gwada da VLC. Idan har yanzu yana cijewa, manhajar HandBrake kyauta ce, tana mayar da shi tsarin H.264 wanda tsofaffin kwamfutoci ke iya kunnawa, a kuma zaɓi tsayayyen gudun hoto don murya ta daina tsere wa baki.

Laifin da ya fi girma na masu ɗauka ne da suka ɗauki 4K a matsayin ado. Minti ɗaya na 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 400 a iPhone. Biki na awa biyu fa? Alhali dangin da ke jiran bidiyon a waya za su kalle shi, a allon da bai kai tafin hannu biyu ba. Ɗauka a 1080p ta ishi kowane biki, kuma tsohon laftof zai iya tace ta ba tare da ya yi zafi kamar dutsen guga ba.

Ɓarnar da ba ta gyaruwa ita ce wadda ake yi cikin fushi. Yaro ya ga bidiyo na cijewa, sai ya tura ta WhatsApp, ya ga can yana tafiya daidai, ya goge katin don aikin gobe. WhatsApp ya matse shi ne ya zubar da ingancinsa, fuskokin da ke layin baya sun dushe. Kwamfuta ana iya aro a wajen aboki, amma ba za a sake tara dangi daga Dutse da Ningi a maimaita ɗaurin aure ba. Mai ɗaukar da ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ya ajiye ainihin fayil a wuri biyu kafin ya taɓa katin, ko da kuwa hakan zai sa ya sayi kati na biyu daga cikin kuɗin aikin.